Mu Ɗauko, Mu Mayar

Litinin, da hantsi

Simintin rumfar ya kama. 'Yata Auta ta hau ta yi tsalle a kai wai tana gwada ƙwarinsa, ƙatuwar budurwa da ta gama jami'a. Wajen wankin mota za mu buɗe ni da ita, a filin da ke bayan garejin abokina Bakanike. Sai dai in na ce wankin mota ta ɓata rai. Wai namu ba na bokiti da tsumma ba ne, ƙalƙale mota za mu riƙa yi ciki da waje har mai ita ya yi zaton sabuwa aka musanya masa. Na ce to, Allah ya sa in ya gani ya tuna inda aljihunsa yake.

Saura allon da za a kafa a bakin titi. Mai fenti ya zo ya ce mu faɗa masa ayyukan da za mu riƙa yi ya rubuta. Auta ta ce ya ɗan ba mu lokaci, ba mu gama shawara ba.

Ni dai direba ne, abin da na sani ke nan. Tun ina da baƙin gashi nake jan Maigida, har kwanakin baya da na miƙa masa makullinsa. Na ce wa kowa gajiya ce. Shi ma da aka tambaye shi ya ce gajiya ce, bai ƙara ko kalma ba, Allah ya saka masa da alheri.

Talata, bayan la'asar

Mun zauna a rumfa, ita da waya a hannu tana karanto min, ni ina cewa e ko a'a. Wankin jiki, e. Zuƙe ƙurar ciki da inji, e. Wanke kujeru da kumfa, shafa wa na fata mai, cire warin taba da na fitsarin yara, folish, duk e. Da ta zo kan wankin inji na ce a'a, kuma na kafe. Motocin yanzu duk wayoyi ne a ƙarƙashin bonet, ka watsa musu ruwa mai ƙarfi mota ta ƙi tashi, mai ita ya ce kai ka kashe masa. Ta ce a bidiyo ana rufe wayoyin da leda. Na ce to mutumin bidiyon ya zo ya biya in ta lalace. Ta yi dariya ta goge.

Sai ta ajiye wayar ta gyara zama, na san babbar tana tafe.

"Baba, lungun nan ba mai bi sai wanda ya ɓata hanya. Ma'aikacin ofis kuma ba shi da lokacin zuwa ya zauna jiran mota. Mu za mu je masa. Ka ɗauko motar da safe daga wajen aikinsa, mu gyara, ka mayar kafin a tashi. Ruwa da sabulu kowa yana da su. Wa yake da direban da ya tsufa a kan sitiyari bai taɓa goge wa mota fenti ba?"

Na ce a bari mu gani.

Laraba, da sassafe

Bari in rubuta sau ɗaya, ba zan sake ba. Ganina na gefen hagu ya tafi. Ba duhu nake gani ba, da duhu ne ma da na san yana nan in yi hankali. Abin da yake can kawai ba ya nan, sai na juya kai gaba ɗaya ya fito. Likitan ido ya faɗi sunan abin, ya ba ni maganin ɗigawa, ya ce wanda ya tafi ya tafi, sauran muke ƙoƙarin riƙewa. Ya tambayi sana'ata, na ce ɗan kasuwa.

Maigida ne kaɗai ya sani, saboda abin da ya faru a ƙofar makarantar jikokinsa. Allah ya tsare, jakar littattafai ce kawai na taka da mota.

Maganin yana cikin tsohon takalmina a ƙarƙashin gado. Gobe zan faɗa mata.

Alhamis, da magariba

Ban faɗa ba. Auta ta dawo da sababbin tsummoki masu laushi kala-kala tana nuna min, na gilashi daban, na taya daban. Ta ina mutum zai fara?

Asabar, bayan azahar

Yau mun yi gwaji da akwalar motar Bakanike. Kai! Ban san ɗan Adam zai iya tara datti haka kuma ya riƙa shiga yana fita da farar riga ba. A tsakanin kujeru mun ciro cokali, mataccen batir, ɓawon gyaɗa ya fi tafi uku, da ɗan kunne guda ɗaya. Auta ta ɗaga shi ta ce, "Kawu, na Inna ne?" Ya ce na kwastoma ne. Na ce kwastomar da take zama gaba kenan. Ya bi ni da sufana, muka yi ta dariya har cikina ya ƙulle.

Aikin ciki ya karɓe ni, wallahi. Yatsa yana jin maiƙo a ɗinkin kujera tun kafin ido ya gano, hanci kuma yana kai ka inda madara ta zube a kafet. Na manta da komai har muka fito waje.

A folish ne aka samu matsala. Na ce na gama, ta zagaya ta tsaya a ƙofar baya ta ce, "Baba, nan fa ba ka goge ba, man ya bushe fari fat." Na ce rana ce ta kashe min ido. Ta ɗauki tsumma ta ƙarasa tana waƙa.

Lahadi, da yamma

Na kawo wa Auta hujjoji a kan maganar ɗauko mota. Na ce in muka ɗauki motar mutum zai ce mun sha masa mai. Ta ce za ta ɗauki hoton mitar a gabansa. Na ce zai ce ya bar agogo a ciki ya ɓata. Ta ce zai kwashe kayansa kafin ya ba da makulli. Na ce 'yan sanda fa, in sun tare ni da motar da ba tawa ba? Ta ce rayuwata duka motar da ba tawa ba na ja. Na ce to a ɗauki wani direban, ni in tsaya a rumfa. Nan ta kalle ni da kyau.

"Wa zai ba baƙo makullin motarsa? Sunanka nake sayarwa, Baba. Na je banki na je asibitin kuɗin nan, ina cewa direban wane ne sai fuska ta saki. Ko dai ba ka son yin aikin da ni ne?"

Na ce haba Auta. Ta ce to mene ne? Na ce babu komai.

Yarinyar nan kan uwarta ta ɗauko, in ta kama magana sai ta ga ƙarshenta.

Talata, da hantsi

Gobe zan faɗa mata.

Laraba, bayan la'asar

Muna zaune a bencin gareji Bakanike ya ce, "Direba, hannuna ya gaji." Na ce da me? Ashe tun ɗazu yake miƙo min kofin shayi ta hagu. Na juya na karɓa na ce tunani nake. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Na daɗe da lura. In za ka tsallaka titi sai ka riƙa juya kai kamar kaza. Ranar Asabar kuma ka yi karo da bokitin da yake gabanka."

Na ce ya ji da nasa idon, shi da yake ɗaura fulogi a baibai.

"Ka bar wasa. Motar mutane za ka ja a titin mutane. Ko ka faɗa mata ko in faɗa."

Raina ya ɓaci. Na ce in ya buɗe baki ba ni ba shi, kuma ya san ni. Ya ce ya san ni ɗin, shi ya sa. Na tashi na bar masa shayinsa. Tun muna samari muke tare, ban taɓa tashi na bar masa shayi ba.

Alhamis, da sassafe

Uwar yara tana shara ta ce, "Baban Auta, ka san aikin nan da ta nema a wancan garin an kira ta?" Na ce ban sani ba. Ta ce tun kafin a zuba siminti, kuma ta ƙi zuwa. Wai in ta tafi zan zauna a tabarma in bushe, ta ga yadda na koma tun da na ajiye aiki, ko rediyo ban ƙara kunnawa ba. "Ta ce kar in faɗa maka, to na faɗa. Ka daina ja mata rai a kan allon nan."

Na ce to. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ɗiga magani, rabi ya bi kumatu. Ina jin tsoro, wannan ita ce gaskiyar. In na faɗa, rumfar nan ta zama wajen wankin bokiti a lungun da ba mai bi, ita kuma ta yar da aikinta a banza saboda ni.

Juma'a, da yamma

Auta ta ƙara gyaran fitila a cikin ayyukan, irin fitilun da suka yi hazo suka koma rawaya. Na gwada da ta Bakanike, shi yana can ya juya min baya. Samfefa mai laushi da ruwa, a hankali, sannan man gogewa. Ta fito tas kamar daga shago. Auta ta yi ta tafi don murna.

Na daɗe a tsaye gaban fitilar. Na taɓa tambayar likita ko ana kankarewa, ya ce nawa ba irin wannan ba ne.

Asabar, bayan azahar

Mai fenti ya zo ya ce shi fa yana da wasu ayyukan. Auta ta karanto masa, ya rubuta da shuɗi a jere. Da aka zo na ƙarshe ta ce wannan da ja, kuma ya fi sauran girma. Ta juyo ta ce, "Baba, a rubuta?" Mai fenti ya tsaya da buroshi a sama yana jirana.

Na ce a rubuta.

MU ƊAUKO, MU MAYAR. Har daga bakin kwana ana karantawa. Ta tsayar da ni a ƙarƙashinsa ta ɗauke ni hoto, ta ce in yi murmushi, na yi.

Lahadi, da hantsi

Alhamdu lillahi! Yau na ji ni mutum. Da gari ya waye na je na samu Bakanike na ce ya ba ni makullin akwalarsa ya zauna a gefe ya gani da idonsa, in na yi kuskure ko ɗaya ni da kaina zan je in faɗa mata. Muka zagaya ta kasuwa, ta shataletale, muka biyo ta gidan mai muka dawo. Ko gargada ban faɗa ba. Hannu bai manta ba, ƙafa ba ta manta ba. Dabarar kawai mutum ya riƙa juya kai, ya rage gudu, ya bar wa na hagu hanya.

Ya ce, "Lahadi ce, titi ba kowa." Na ce ya dai faɗi gaskiya, na yi ko ban yi ba? Ya ce na yi. Sannan ya ce zai zuba ido mako guda, amma ransa bai kwanta ba. Na ce ransa ya sha ruwa. Muka sha shayi.

Wataƙila ma ba sai na faɗa mata ba. Likitoci suna da zuzuta abu.

Litinin, da magariba

Gobe zan ɗauko mota ta farko. Ta wata manajar banki ce, doguwar jif baƙa. Uwar yara ta goge min farar rigar da nake sawa in za mu yi tafiya da Maigida. Auta ta sayo takardar da ake shimfiɗawa a ƙasan mota don kar takalmina ya ɓata kafet bayan an wanke. Ta yi tunanin komai, yarinyar nan.

Talata, bayan azahar

Asibiti.

Laraba, da hantsi

Kujerun barandar nan na ƙarfe ne, an haɗe su huɗu-huɗu, in ɗaya ya motsa duka su motsa. Akwai wata mai shara da take wucewa da ruwan magani, in ta zo sai kowa ya ɗaga ƙafa. Fanka ɗaya ce take aiki.

Na kawo motar lafiya. Wannan ina so a sani. Daga banki har lungu ban taɓa kowa ba, na bi a hankali, har ana yi min hon. A cikin fili ne, wajen shiga rumfa da ribas. Gilashi a rufe, na'urar sanyi a kunne. Auta ce ta fito ta nuna min hanya.

Motar ba ta yi ko ƙwarzane ba.

Alhamis, bayan la'asar

An yi aikin. Likitan ƙashi ya ce ƙananan ƙasusuwan tafin ƙafa ne, sun sa ƙarfe. Na ce za ta taka? Ya ce za ta taka. Na ce kamar da? Ya ce a bari a gani. Kalmar da na faɗa mata ke nan a rumfa, yau an faɗa min na ji yadda take.

Uwar yara ta kawo abinci ta ajiye min a gefe, ba ta ce ci ba. Ta ce da ta je ɗauko min wasu kaya ta share ƙarƙashin gado. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta shige wajen 'yarta.

Juma'a, da safe

'Yan dubiya suna ta zuwa. Duk wanda ya tambaya sai Auta ta ce, "Ni ce na shiga bayan mota ina kallon waya, Baba bai da laifi." Sai su juyo su ce min sannu Baba, yaran yanzu da waya sai addu'a. Ni kuma in ce wallahi kuwa.

Wayarta tana kan benci a rumfa lokacin. Ni na ɗauko ta da hannuna bayan an tafi da ita.

Asabar, da yamma

Bakanike ne ya wanke jif ɗin ya mayar. Ya zo dubiya ya daɗe a wajenta yana ba ta dariya, da ya fito ya zauna kusa da ni. Can ya ce, "Ni ma na zauna a motar nan na ce ka yi." Na ce ba laifinsa ba ne. Ya ce bai tambaye ni ba. Idonsa ya yi ja, ya tashi ya tafi.

Litinin, da hantsi

Ba na iya shiga ɗakin in ba mutane. In ta ce Baba shigo, sai in ce zan je karɓo magani.

Laraba, bayan azahar

An sallame mu. A tasi muka dawo, ita a baya da uwarta, ƙafar a miƙe cikin farin filasta. Direban yaro ne, yana taka birki kamar yana kashe kyankyaso. Da can da na koya masa hankali. Na riƙe bakina har gida.

Manajar banki ta aiko da gaisuwa, ta ce in an warke akwai abokan aikinta da suke so a riƙa ɗaukar tasu. Uwar yara ce ta karɓi saƙon, ta maimaita shi a tsakar gida da ƙarfi, ba ta kalli kowa ba.

Alhamis, da magariba

Gobe.

Asabar, bayan la'asar

Yau Auta ta ce a kai ta rumfa. Uwarta ta ce ina, ta ce ko a kai ta ko ta tafi da sandunanta. Muka je. Ashe ta kira mai fenti, yana nan yana jira da gwangwanayensa. Ta ce ya shafe jan layin. Ya ce, "Ƙanwata, shi ne fa ya fi kyau a allon." Ta ce ya shafe. Ya ce to me za a sa a gurbin? Ta ce ya bar shi fari, ba mu gama shawara ba. Ya shafe, ya karɓi sallama ya tafi. Daga bakin titi yanzu allon ba shi da bambanci da na kowa, kuma na san ba mai shigowa lungun nan saboda shi. Ita ma ta sani.

Muka rage mu biyu. Na fara tattara tsummoki don in samu abin yi.

Ta ce, "Baba, fuskarka tana wajena fa. Na ɗaga hannu biyu. Na ga idonka a kaina."

Na buɗe baki, abin da na yi makonni ina shiryawa ya ƙi fitowa. Ta ce ba sai na ce komai ba, in tsaya a tsakiyar rumfa in kalli bango, kar in juya kai. Na tsaya. Na ji ta koma can ta hagu, sandunan suna ƙwas ƙwas a siminti.

"In ka fara ganina ka ce."

Ta taho a hankali. Ina jin numfashinta, ina jin filastan yana jan ƙasa, bangon kawai nake gani. Ta ce, "Yanzu fa?" Na ce a'a. Ta ƙara matsowa. "Yanzu?" A'a. Ta sake tambaya. Wallahi na so in yi ƙarya in ce na gan ta, don ta huta da jan ƙafar, amma na gaji da ƙarya. Sai da ta zo kusan daidai hancina sannan gefen mayafinta ya fito, sannan fuskar. Hawaye sun jiƙe ta sharkaf. Ban taɓa jin kunya irin ta yau ba, ban kuma taɓa jin tausayin wani kamar yadda na ji nata ba.

Na ce, "Nan."

Ta duba ƙasa ta ga inda take tsaye, ta duba inda ta faro. Ta share fuska da kafaɗa don hannuwan suna riƙe da sanduna.

Ta ce, "To. Daga yau nan zan riƙa tsayawa."